Yadda Ake Tare Kuskure a Gyaran Jirgin Sama Kafin Ya Bar Ƙasa

Wannan bayani na masu riƙe sufana ne a ƙarƙashin fiffike: makanikai da injiniyoyin jiragen sama, musamman waɗanda ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, suna neman lasisi ko sun samu kwanan nan. Ba zai maye gurbin littafin gyara na kamfanin da ya ƙera jirgi ba, ko ƙa'idojin ma'aikatarku, ko dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA a Najeriya da takwararta ANAC a Nijar. Duk inda maganata ta saɓa da littafi, a bi littafi.

In ka karanta rahotannin haɗurran da gyara ya jawo, da wuya ka tarar da rago ko jahili a ciki. Yawanci ƙwararru ne masu kishin aikinsu, suna ƙoƙarin fitar da jirgi a kan lokaci. Shi ya sa aka gina tsarin katin aiki da dubawa da sa hannu a kan cewa kai ma wata rana za ka manta, ko idonka ya nuna maka abin da babu, ko ka ɗauka wani ya riga ya yi. Naka shi ne ka bar wa tsarin hanyar da zai kama ka in ranar ta zo. A 1993 Gordon Dupont, ma'aikacin hukumar sufurin Kanada, ya tattara abubuwa 12 da suka fi jefa mai gyara cikin kuskure, kamar gajiya, matsin lamba, ɗaukewar hankali, rashin isar da bayani da mugun sabo. Ana manna su a bangon rumfunan jirage a ko'ina cikin duniya. Maimakon in jero su, bari mu bi aikin tun daga shigowarka har zuwa sa hannu.

Fara da duba kanka

Kafin ka taɓa jirgi, ka tambayi kanka awa nawa ka yi barci. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da hannunsa suna yin nauyi kamar na wanda giya ta fara kamawa. Ga shi kuma yawancin gyaran jiragen fasinja da dare ake yi, don da rana jirgi yana neman kuɗi. Daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe jiki ya fi mutuwa, ko kofi nawa na shayi ka sha. In kana da ta cewa a rabon aiki, a sa mai wuya a farkon dare. In ka wuni a hanya, ko azumi ya faɗo a bazara kana tsaye a kan kwaltar filin jirgin Kano, ka yi magana tun kafin a raba katuna: "Oga, yau ban samu barci ba, a haɗa ni da wani." Wannan ba abin kunya ba ne.

Takarda a hannu, ba a ka ba

Mataki na gaba, ka ɗauki katin aikin ka karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya. Ka tabbatar da abu uku: lambar rajistar jirgin da ke kan katin ita ce ke jikin jirgin da ke gabanka, shafin littafin da aka buga maka shi ne sabon bugu, kuma umarnin ya shafi wannan jirgin kansa, domin jirage biyu ƙirar kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, suna iya bambanta a ciki saboda gyare-gyaren da aka yi wa ɗaya ba a yi wa ɗaya ba. Ka karanta gargaɗin da ke gaban kowane mataki. Sannan ka tafi da takardar ko kwamfutar hannu wurin jirgin. Littafin da aka bari a ofis bai taɓa hana kowa kuskure ba.

Aikin da ka fi sani shi ya fi haɗari, don shi ne za ka yi da ka. Haka kuma 'yar gajeriyar hanyar da kowa ya saba bi a rumfarku. Littafin jirgin DC-10 ya ce a fara sauke injin, sannan a sauke maƙalin da ke riƙe shi a fiffike. Kamfanin American Airlines ya ga hakan na cin lokaci, sai ya koma sauke su a haɗe da motar ɗaga kaya. An yi ta yi ana dacewa, har ranar da maƙalin ya tsage ba wanda ya lura. Bayan kusan wata 2, ran 25 ga Mayu 1979, injin hagu ya ɓalle lokacin tashi a Shikago, mutum 273 suka mutu. Wani kuskuren ma ya fi haka haƙuri. An gyara bangon baya mai riƙe matsin iska na wani Boeing 747 na Japan Airlines a 1978, aka raba faci gida biyu ta yadda jeri ɗaya na kusoshi ya ɗauki nauyin jeri biyu. Sai bayan shekara 7, ran 12 ga Agusta 1985, bangon ya fashe, aka rasa mutum 520.

In ka ga umarnin littafi ba zai yiwu ba, ko kana da hanyar da ta fi, ka tsaya ka rubuta wa sashen injiniyoyi, su kuma su tambayi kamfanin da ya ƙera jirgin. Amsa a rubuce kawai ake aiki da ita.

Kayan gyara: da lamba ake ɗauka

Nan zan ɗan daɗe, domin labarin da ke ƙasa ya ƙunshi kusan duk abin da ake gudu.

A daren da ya gabaci 9 ga Yuni 1990, a Birmingham ta Ingila, shugaban 'yan aikin dare na British Airways ya ga ma'aikata sun yi kaɗan, sai ya ɗauki aikin canza gilashin gaban matuƙi na wani jirgi BAC 1-11 da kansa. Mutum ne da ya daɗe a sana'ar, ana ganin girmansa. Ya cire tsoffin kusoshin, ya ɗauki ɗaya ya nufi sito. Bai buɗe kundin lambobin kaya ba, gwadawa ya yi da ido. Mai sito ya gaya masa lambar da ta dace, bai bi ta kai ba, tunda ga wadda ya ciro a hannunsa. Bai san cewa tsoffin ma ba su ne daidai ba. Da waɗanda ke sito suka kasa, ya tafi wata ma'ajiya da babu mai tsaro kuma babu hasken kirki, ba tabarau a idonsa, ya jera kusa da kusa a tsakanin yatsunsa, ya ga kamar sun yi daidai. Cikin kusoshi 90 da ya ɗaura, 84 sun fi na ainihi siranta da abin da bai kai milimita 1 ba, 6 kuma sun gaza a tsawo. Shi ya yi aikin, shi ya sa hannu, kuma a lokacin ƙa'ida ba ta tilasta a kira wani ya sake duba gilashi ba. Ran 10 ga Yuni jirgin na hawa, ya wuce ƙafa 17,000, gilashin ya fice, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster ta fitar da rabin jikinsa waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauka a Southampton. Allah ya yi da sauran kwana, ba a rasa rai ba.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sito na kayan jirgi wannan karin magana ba ta aiki. Ga yadda za ka yi: ka nemo lambar kayan a kundin, ka duba ta shafi jirginka, ka karɓi kayan da wannan lamba, ka karanta lambar da ke jikin kayan da kanka, harafi bayan harafi, ka gwada da ta takardar shaidarsa. Kada ka ɗauki abin da ka ciro a matsayin hujja. Kuma shigar kaya cikin gurbinsa ba ya nuna nasa ne. A Agusta 2005 an sa wa wani ATR 72 na kamfanin Tuninter na Tunisiya gejin mai na ATR 42. Ya zauna daram, yana aiki, amma yana nuna man da babu a tanki. Injuna biyu suka mutu a kan teku kusa da Palermo ta Italiya, mutum 16 suka rasu.

Kayan da ba shi da takardar shaida, ko takardar ta ba ka shakka, a ajiye shi gefe a kulle. A 2023 an gano wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun jabu, kuma wannan injin ne ke jikin ɗimbin jiragen Boeing 737 da Airbus A320. Ka duba ranar ƙarewar wa'adin roba, gam da giris.

Kayan aiki kuma ba sai an ja zance ba. Ka ƙirga abin da ka ɗauka, ka ƙirga abin da ka mayar. Sufanar awon ɗauri da geji suna da 'yar takarda a jiki mai nuna ranar da za a sake gwada su. In ranar ta wuce, ko sufanar ta faɗi ƙasa, ta koma sito. Filaya ɗaya ta ɓata, jirgi ba ya fita sai an gan ta.

Kwancewa: duk abin da ka taɓa, ka rubuta

Kwancewa ba ta cika ba da matsala ba, mayarwa ce ke kayar da mutane. Masanin halayyar ɗan Adam James Reason ya sha ba da misali da ƙarfe ɗaya mai noti 8 a jere: hanyar cire su ɗaya ce tak, amma hanyoyin mayar da su ba bisa jeri ba sun haura 40,000, ban da yiwuwar a manta ɗaya. Saboda haka tun kana kwancewa kake shirya mayarwa. Sukurorin kowane murfi su shiga jakarsu, a rubuta a jiki, a rataye ta kusa da wurin. Kowane tiyo ko waya da ka raba, ka toshe bakinsa ka ɗaura masa alama. Makunnin da ka kashe a ɗakin matuƙi, ka sa masa abin kulle da takardar gargaɗi mai sunanka.

Abin da ya fi cin mutane shi ne wanda aka kwance don a samu hanya, wanda babu shi a katin. Ka cire wani tiyo don hannunka ya kai, ka ce ai yanzu zan mayar. Rubuta shi nan take a matsayin aikin da ke buɗe. Ran 5 ga Janairu 2024 wani murfin ƙofa ya fice daga sabon Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines bayan tashi daga Portland. Masu bincike sun gano an buɗe murfin a masana'anta don a gyara wasu kusoshi da ke kusa, ba a buɗe takardar aikin cirewar ba, aka rufe ba tare da kusoshi 4 da ke hana shi motsi ba. Tunda babu takarda, babu wanda aka tura ya duba.

In za ka rufe wata kafa ta na'urar auna gudu da tsayi, ka yi amfani da murfin da aka tanada mai jan ƙyalle, ka kuma rubuta. A Oktoba 1996 an bar salatif a kan irin waɗannan kafofi na wani Boeing 757 na Aeroperú bayan an goge jikinsa. Launin salatif ɗin ya saje da jirgin, dare ne kuma, ba wanda ya gani. Mutum 70 suka halaka a teku kusa da Lima. Amma kada wannan ya sa ka bar kafofin a buɗe in jirgi zai kwana biyu a ajiye. A ƙasarmu ga ƙurar hunturu, ga zanzaro da ba ya ganin rami ya ƙyale.

In an katse ka

Waya za ta yi ƙara, oga zai kira, ladan zai yi kiran salla. Hankalin mutum yakan riga hannunsa, sai ka dawo kana jin ka gama abin da niyyarsa kawai ka yi. Dokar mai sauƙi ce: noti ko dai a ɗaure shi har awonsa, ko a cire shi gaba ɗaya, kada ka tafi ka bar shi ɗaurin hannu yana kama da gamamme. Ka sa alama a katin inda ka tsaya. In ka dawo, ka koma baya mataki 3 ka sake bi. Ka riƙa sa hannu a kowane mataki da zarar ka gama shi. Mai tara katuna sai asuba ya zauna ya bi su da biro, tunaninsa yake sa wa hannu.

Miƙa aiki

Ran 10 ga Satumba 1991 'yan aikin yamma na Continental Express suka fara canza robar hana ƙanƙara a wutsiyar wani jirgi Embraer 120. Ana aikin gefen dama, sai wani sufeto ya zo taimako, ya hau ya cire sukurorin sama na gefen hagu don a rage wa na gaba aiki. Bai rubuta ba, kuma labarin bai kai ga 'yan dare ba. Su kuma suka gama gefen dama, suka bar na hagu sai wani lokaci, a zatonsu ba a taɓa shi ba. Wutsiyar tana can sama, daga ƙasa ba a ganin komai. Washegari jirgin ya yi sawu ɗaya lafiya. A na biyu, yana gangarowa, gaban wutsiyar ya ɓalle a jihar Teksas. Sukurori 47 ne babu, mutum 14 suka mutu.

Miƙa aiki yana da ƙafa uku, kuma in ɗaya ta ɓace ya faɗi: a rubuce, da baki, sannan a gaban jirgin. Mai tafiya da mai karɓa su taka tare da katin a hannu.

"Malam, ga inda na tsaya, mataki na 14. Wannan tiyon na ɗaure, na sa masa fenti. Wancan ban taɓa ba."

"To, ban da abin da ke katin, akwai abin da aka kwance?"

"Akwai. Na cire maƙalin waya ɗaya a baya don in samu hanya, ga shi a jaka, na rubuta a shafi na biyu."

"Wani ya taimaka maka?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ba a yi ba a Teksas. Mai karɓa ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, ya kai hannu ya taɓa. In wanda za ka miƙa wa ya makara, ka jira shi ko ka miƙa wa shugaban aiki. Saƙon WhatsApp daga cikin a-daidaita-sahu ba miƙa aiki ba ne.

Yadda ake dubawa

Katin zai gaya maka irin dubawar da ake so: ta gaba ɗaya daga inda hannu zai iya kaiwa, ko ta ƙwaƙƙwafi da madubi da gilashin ƙara girma, ko ta na'ura, wadda sai mai takardar shaidar wannan fanni. Kada ka sauya wata da wata. Ka wanke wurin tukuna, don tsaga tana ɓuya ƙarƙashin datti da baƙin mai. Ka riƙe tocila a karkace, haskenta na shafar ƙarfen, domin inuwa ce ke tona tsaga da kumburin tsatsa. Ka bi wurin da tsari, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kana sa alama inda ka kai.

Babban abokin gaba a nan shi ne ka duba wuri sau ɗari ba ka ga komai ba, sai ido ya daina nema. A Afrilu 1988 rufin wani tsohon Boeing 737 na Aloha Airlines ya yaye a sararin Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Jirgin ya yi sawu kimanin 89,000, kuma ƙananan tsagogi sun yi ta haɗuwa a jerin kusoshin jikinsa, wurin da masu dubawa ke bi ɗaya bayan ɗaya da dare. Wata fasinja ma ta hangi tsaga tana shiga, ba ta yi magana ba. Ka shiga dubawa da zaton yau akwai abu. Aiki mai maimaituwa, ka riƙa ɗan tsayawa kana hutar da ido. In ba ka iya kai wa wani lungu ba, ka rubuta cewa ba ka kai ba.

Ido na biyu

Duk aikin da ya taɓa abin sarrafa jirgi ko injin, ko wani abin da kuskure ɗaya a cikinsa zai iya kayar da jirgi, dole wani mai izini wanda babu hannunsa a aikin ya sake dubawa. Kalmar "babu hannunsa" ita ce ginshiƙi. A Janairu 2003 wani makaniki da ke koyon aikin ya daidaita wayoyin wutsiyar Beech 1900D na Air Midwest, ya tsallake wasu matakai da yardar mai koya masa. Mai koyarwar nan kuma shi ne sufeton da ya duba aikin. Wutsiyar ta rasa kusan rabin motsinta na sunkuyar da hancin jirgi. Kwana biyu bayan haka jirgin ya tashi daga Charlotte da kaya fiye da kima, nauyin ya koma baya, matuƙa suka kasa sauko da hancinsa. Mutum 21 suka mutu.

In kai ne ido na biyu, kada ka tsaya wanda ya yi aikin yana nuna maka da yatsa. Ka karɓi littafin ka bi da kanka. Ka duba an haɗa daidai, an kulle, wayar kulle tana jan noti wajen ɗauri, sannan a motsa abin ka ga ya tafi inda ya kamata kuma ya kai iyakarsa. Ko da maigidanka ne ya yi aikin, ko wanda ya girme ka da shekara 20, dubawar ɗaya ce. Kunyar manya tana da wurinta, amma ba a nan ba. Shi ma mai aikin kada ya sassauta don ya san wani zai duba.

Kuma a guji mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injuna duka a dare ɗaya. A Mayu 1983 an mayar da matosan gwajin mai a injuna 3 na wani L-1011 na Eastern Air Lines ba tare da zoben roba ba. Makanikan sun saba karɓarsu da robar a jiki, ran nan suka ɗauko daga sito babu. Mai ya tsiyaye, injuna 3 suka tsaya a kan teku, da ƙyar aka tayar da ɗaya aka koma Miyami.

Rufewa da mayar da komai yadda yake

Kafin a rufe kowane murfi, ka leƙa da tocila: tsumma, sufana, murfin roba. Ka yi gwajin da littafi ya ce, har tsawon lokacin da ya ce. Ka koma ɗakin matuƙi ka mayar da kowane makunni mazauninsa. A Agusta 2005 an bar makunnin matsin iska na wani Boeing 737 na Helios a kan sarrafawar hannu bayan gwaji, matuƙa su ma ba su lura ba, iskar shaƙa ta ƙare wa kowa, mutum 121 suka mutu a Girka. Daga nan ka zagaya jirgin, ka durƙusa ka duba makullan murfin injin daga ƙasa. A Mayu 2013 makanikai biyu a filin Heathrow sun bar murafun injunan wani A319 a buɗe da niyyar dawowa, da suka dawo cikin gajiya sai suka nufi wani jirgin daban. Murafun suka fice lokacin tashi.

Sa hannu, da ranar da za a matsa maka

Sa hannunka yana nufin ka yi, ko ka gani da idonka. Ba ka sa wa aikin da aka ba ka labari, ba ka ba da aron hatiminka, ba ka rubuta adadin da ba shi geji ya nuna ba. In ka yi kuskuren rubutu, ka ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farko, ka rubuta daidai, ka sa hannu da kwanan wata.

Mu a nan ba sai an je da nisa neman misali ba. Ran 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Kwanaki kafin nan makanikai sun san iskar tayu biyu ta yi ƙasa da ƙa'ida, kuma bincike ya gano an sauya alƙaluman da ke takarda. A safiyar ranar babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da zai ƙara, ba a samu nan kusa ba, manajan jigilar kuma bai yarda a ƙara jinkiri ba. Ba a gaya wa matuƙa ba. Jirgin na gudu a titi tayu suka fashe, ƙarfe ya goga ƙasa wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar. Alhazai 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu.

Taya mai ƙarancin iska ba a gane ta da ido ko da bugun ƙafa, domin 'yar'uwarta da ke gefe ta ɗauke mata nauyi, ita ma tana cin wuya. Geji ake sawa, bayan tayar ta huce, a rubuta abin da aka gani.

Irin wannan rana za ta zo maka, wataƙila lokacin jigilar alhazai, fasinja sun cika zaure, waya na ta ƙara. Kada ka yi gardama da zafi, ka koma takarda. Akwai kundin da ya jera abubuwan da jirgi zai iya tashi ba tare da su ba, da sharuɗɗa da wa'adi, wani kwana 3, wani 10, wani 120. In matsalar na ciki, ka cika sharuɗɗan, ka rubuta, ka manna alama inda matuƙi zai gani. In ba ta ciki kuma ta wuce iyakar littafi, ka rubuta ta a littafin jirgi tukuna, sannan ka ce: "Yallaɓai, geji ya nuna kaza, littafi ya ce kaza. Ba zan iya sa hannu ba. A samo naitirojin, minti 40 ya ishe ni." Ka faɗi matsala, ka faɗi mafita, ka faɗi lokaci, kuma kyaftin ya ji. Abin da aka riga aka rubuta a littafin jirgi ba ya gogewa da tsawa.

In abu ya faɗo maka bayan an gama

Kana kwance a gida sai zuciyarka ta ce, anya na ɗaure wancan noti? Ka ɗauki waya a lokacin, ko ƙarfe nawa ne. In jirgin bai tashi ba a tsayar da shi, in ya tashi a sanar da ofishin da ke kula da zirga-zirgarsa. Sannan ka cike takardar rahoto: me ya faru, a wane mataki, ƙarfe nawa, yaya haske yake, wa ya katse ka.

Shugabanni kuma su sani, ranar da aka kori wanda ya kawo rahoton kansa, ranar aka rufe bakin sauran. Ganganci da ƙaryar takarda suna da hukunci, mantuwa kuwa bincike take so. Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Boeing ya fito da tsarin MEDA, wanda ke bin abin da ya kai mutum ga kuskuren: katin ne bai fito sarai ba, kaya ne babu, mutane ne suka yi kaɗan, ko ƙirar abin ce ke ruɗarwa. Daga nan a gyara abin da aka gano. Bayan murafun injin A320 da danginsa sun sha ficewa, ciki har da na Heathrow, sai aka sauya ƙirar makullin a wasu injunan: aka yi masa ɗan mabuɗi mai jan ƙyalle wanda ba ya zaruwa sai an kulle murfin, kuma mazauninsa na ɗakin matuƙi, inda za a ga gurbinsa in babu shi.